Kundin kalmomin bauɗaɗɗun halaye a Turanci: inda aikin ya kwana

6 ga Janairu, 2025

Abin da na sa a gaba shi ne tattara kalmomin da Turanci yake kiran halayen da mutum ke fita daban da su: ɗabi'ar da ba ta kai laifi ba, ba ta kai taɓin hankali ba, amma duk wanda ya zauna da mai ita sai ya lura. Kowace kalma za ta samu bayani da Hausa, da asalinta, da jimla guda ta misali. Masu fassara da ɗaliban adabin Turanci nake wa aikin, domin ƙamus mai harshe biyu yakan jero maka kalmomi rututu a ƙarƙashin "baƙon hali", ya bar ka da canki-canki.

A ɓangaren Turanci ina dogara da babban ƙamus na Oxford, wanda kashinsa na farko ya fito a 1884 aka kammala shi a 1928, da kundin kalmomi masu kusancin ma'ana na Roget na 1852. A ɓangaren Hausa akwai Bargery na 1934, da Abraham na 1949, da ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Dole in ja iyaka tun yanzu. A 1936 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Gordon Allport da Henry Odbert, sun bi ƙamus na Webster shafi-shafi suka tsamo kalmomi 17,953 da ake siffanta mutum da su, kusan 4,500 daga ciki na halaye ne masu ɗorewa. Ni ba ni da wannan ƙarfin, ba na ma bukatarsa. Kyauta da rowa da tsoro da jarumta ba sa cikin kundina. Bauɗiya kawai nake bi.

15 ga Janairu

Na fara da *idiosyncrasy* saboda ita ce ta fi tsorata ɗalibai. Gaɓa uku ce ta Girkanci aka ɗinke: *idios*, abin da yake na mutum shi kaɗai, *syn*, tare, *krasis*, gauraye. Wato haɗin da aka yi mutum da shi, wanda ba a yi wa kowa irinsa ba.

Haɗin me? Likitocin Girka na da, daga Bukrat zuwa Jalinus, sun ɗauka ruwa huɗu ne ke tafiyar da jiki: jini, da majina, da ɗaci rawaya, da ɗaci baƙi. Wanda ya rinjaya a jikinka shi ne halinka. Turanci har yau yana ɗauke da sawun wannan tunani: *sanguine* mai jini da yawa ne, wato mai fara'a da kyakkyawan zato, *phlegmatic* mai sanyin rai wanda ba a saurin tada shi, *choleric* mai zafin zuciya, *melancholy* kuwa baƙin ɗaci ce kai tsaye, mai yawan ƙunci. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin da ke karanta littattafan ɗibbu zai ji abin bai yi masa baƙo ba, don ta hanyar Larabci wannan ilimi ya iso mana, kuma Ibn Sina ya yi dogon bayaninsa. Kalmar Larabci *mizaj* ita ma daga "gaurayawa" take, haka *temperament* daga Latin.

Abubuwa biyu na sa a bayanin. Na ɗaya rubutu: ƙarshenta *-crasy* ne, ba *-cracy* irin na *democracy* ba, domin wancan daga kalmar mulki ya fito. Turawan ma da kansu suna tuntuɓe a nan. Na biyu, likitoci na amfani da ita har gobe idan magani ya yi wa mutum ɗaya abin da bai yi wa sauran jama'a ba.

Kalma ce mai sanyi, ba yabo ba zagi. Za ka iya faɗar ta a kan shugabanka a takardar ofis ba tare da an kira ka ba.

28 ga Janairu

*Foible* da *peccadillo* sun sa na canza tsarin kundin gaba ɗaya.

*Foible* tsohuwar Faransanci ce mai nufin rauni, kuma masu wasan takobi suna amfani da ita. Sukan raba ruwan takobi gida biyu: daga mariƙi zuwa tsakiya shi ne *forte*, wurin ƙarfi da ake tare sara da shi; daga tsakiya zuwa tsini shi ne *foible*, wurin da ke lanƙwasa. Dukansu biyu sun koma kan mutum. *Forte* ɗinka abin da ka gwanance a kai, *foible* ɗinka ɗan raunin da masoyanka suka sani suke murmushi a kai, kamar dattijon da ba ya iya wuce mai sayar da alawa. *Peccadillo* daga Sifaniyanci take, ɗan ƙaramin zunubi. Tana da ɗan ƙaiƙayi fiye da *foible*, kuma jaridun Ingila sun fi jefa ta a kan manyan da aka kama da neman mata, idan ana son a rage wa abin nauyi.

Abin da na fahimta shi ne ba ma'ana ce ta raba waɗannan kalmomi ba. Hali ɗaya ne za a iya kiransa da kowacce. Abin da ya raba su shi ne yawan uzurin da mai magana yake yi wa mai halin. Don haka jerin abacada ba zai amfani mai fassara ba. Na raba kundin gida uku: kalmomin da ke ɗauke da so ko uzuri, kalmomin da ba ruwansu, da kalmomin da ke ɗauke da raini. Jerin abacada zai koma ƙarshen littafi don nema kawai.

10 ga Fabrairu

*Eccentric* ta cinye mini sati, kuma ba na da-na-sani.

Asalinta ilimin taurari ne. Girkanci *ek*, waje, da *kentron*, tsakiya. Masana na da sun yi amfani da ita ga da'irar da duniya ba ta zauna daidai tsakiyarta ba, don su bayyana abin da ya sa tafiyar taurari ke sauri wani lokaci ta yi jinkiri wani lokaci. Daga baya aka ɗora ta a kan mutumin da ke kewaya tasa cibiyar.

Ingilishi suna alfahari da irin waɗannan mutane kamar yadda wasu ke alfahari da jarumai. Henry Cavendish, wanda ya bayyana iskar haidirojin a 1766, tsananin kunyarsa ya kai ba ya iya magana da mata masu aiki a gidansa, sai dai ya bar musu takarda. Jeremy Bentham, masanin falsafa da ya mutu a 1832, wasiyya ya bari a sa wa ƙwarangwal ɗinsa tufafinsa a zaunar da shi a kujera. An yi hakan, an ɗora masa kan kakin zuma, yana nan a University College da ke Landan. Basaraken Portland na biyar, wanda ya rasu a 1879, ya haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawo a gidansa na Welbeck, har da makeken zaure, duk don kada ya haɗu da mutane, kuma an hana ma'aikatansa gaishe shi. Walter Rothschild kuwa jakunan dawa ya ɗaura wa keken doki ya shiga titunan Landan. Har masanin falsafa John Stuart Mill a 1859 ya kafa hujja cewa yawan irin waɗannan mutane a al'umma alama ce ta ƙarfin tunani da ƙarfin hali, ƙarancinsu kuma abin tsoro ne.

To amma a duba jerin nan da kyau. Ɗan gidan sarauta, mai dukiyar gado, basarake, ɗan gidan masu banki. Lebura da ya haƙa rami a bayan gida ya ƙi gaisawa da kowa a Ingila ta wancan ƙarni, ba *eccentric* za a ce masa ba, gidan mahaukata za a yi da shi. Ingilishi da kansu suna da barkwanci a kan haka, cewa talaka ne ke haukacewa, mai kuɗi bauɗewa yake yi. Na rubuta wannan ƙarara a bayanin, domin mai fassarar da ya mayar da *eccentric* "mai taɓin hankali" ya ɓata wa marubuci niyya, wanda kuma ya mayar da ita "mai ban sha'awa" ya ɓoye rabin labarin.

Ƙanwarta a gidan raini ita ce *crank*. Asali mariƙi ne mai lanƙwasa da ake juya inji da shi. A kan mutum, wanda ya riƙe wani ra'ayi shi kaɗai ne, yana damun jaridu da wasiƙu cewa ya gano abin da duk masana suka kasa ganowa.

21 ga Fabrairu

Na kai wa gwaggona ziyara da takarduna, don ƙamus yana ba ka kalma amma ba ya ba ka yanayin fuskar da ake faɗar ta da shi. Na kwatanta mata halin Cavendish ba tare da na ambaci sunansa ba.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai miskili ne. Ko kuwa dai aljanu gare shi?"

Na ce, "Gwaggo, masani ne babba, kuma mai kuɗi."

Ta ce, "To miskili ne."

Ashe mu ma muna da namu ma'aunin. Ta jero mini wasu da yawa: tsirfa, iyayi, fi'ili, sanabe, ƙaƙale, feleƙe, mita, shisshigi, karambani, murɗiya. Da na zauna na tace su sai na ga yawancinsu zargi ne na cewa mutum yana yin abin da gangan don a gan shi. Mai tsirfa ƙirƙiro abin yake yi, mai iyayi nuna kai yake yi. Kalmomin Turanci na gidan farko kuwa suna ɗauka cewa haka aka halicci mutum, ba yadda zai yi. Muna da wannan tunanin, amma a karin magana ya fi zama, irin su hali zanen dutse, ba a suna guda da za a liƙa wa ɗabi'a ba. Saboda haka *foible* da *quirk* ba za su samu kalma ɗaya-ɗaya a kundin ba, jimla za su samu. Miskili ma haka za ta sha a wancan ɓangaren: *aloof* ta kama nisa da mutane, *contrary* ta kama yin akasin abin da aka ce, babu wadda ta haɗa duka biyun da ɗan girmamawar da ke ɓoye a ciki.

5 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan sallar asuba kawai. *Quirk* na gama. Tun ƙarni na 16 take a Turanci, ta taɓa nufin dabarar magana da kuma lanƙwasar ado a rubutun hannu. Yau ita ce kalmar yau da kullum, mara nauyi: wanda ba ya cin abinci sai ya jera cokula. *Quirky* ta zama yabo a tallar fina-finai da gidajen shan shayi. Gidan farko.

9 ga Afrilu

An dawo daga hutun Salla. Na shiga kalmomin da asalinsu sunayen mutane ne, kuma nan ne ɗalibai za su fi jin daɗi.

Samuel Maverick lauya ne kuma mai filaye a Texas, ya rayu daga 1803 zuwa 1870. Makiyayan can sukan yi wa shanunsu shaida da ƙarfe mai zafi, shi kuwa ya bar nasa haka nan. Sai maƙwabta suka riƙa kiran duk maraƙin da ba shi da shaida *maverick*. Daga maraƙi ta koma kan ɗan siyasar da ba ya bin umarnin jam'iyya. A Amurka yabo ce, har ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas ta ɗauki sunan. Gidan nan ya bai wa Turanci kalma ta biyu: jikansa Maury Maverick ne ya ƙirƙiro *gobbledygook* a 1944, don kushe Turancin ofis mai kumfa ba ma'ana.

Jean Martinet hafsa ne mai horar da sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa. Tsananinsa a fareti ya sa *martinet* ta zama sunan duk shugaban da ba ya ɗaga ƙafa ko a kan maɓallin riga. A 1672, a fagen yaƙi, igwar ɓangarensa ce ta kashe shi.

Sai biyu na harshe. William Spooner, shugaban New College a Oxford daga 1903 zuwa 1924, an san shi da musanya farkon kalmomi biyu, kamar mutum ya tashi cewa "ruwan sama" ya ce "suwan rama". Wannan shi ne *spoonerism*. Yawancin misalan da ake jingina masa ɗalibai ne suka ƙaga, don haka ban sa ko ɗaya da sunansa ba. Na kuma yi gargaɗin kada a haɗa shi da zaurance, wanda da gangan ake yi. Wannan subul-da-baka ne. *Malapropism* kuma daga Misis Malaprop take, wata mata a wasan kwaikwayon Sheridan na 1775, mai son manyan kalmomi tana ɗauko wadda ta yi kama da wadda take nufi. Misalin da na sa: a ce an je yi wa liman "ta'adi" ana nufin ta'aziyya.

Turancin Najeriya ya yi irin wannan haihuwa da *amebo*, mai gulma, daga sunan wata mata a wasan talabijin na The Village Headmaster. Ta samu wuri a rataye.

23 ga Afrilu

*Curmudgeon*, tsoho mai mita da ɗaure fuska, ta zo da labarin da ya kamata duk mai haɗa ƙamus ya sani. Samuel Johnson a ƙamus ɗinsa na 1755 ya ce wataƙila daga Faransanci *coeur méchant* take, mugunyar zuciya, ya ƙara da cewa wani mai aiko wasiƙa da bai san shi ba ne ya ba shi wannan bayani. Bayan shekara 20 John Ash ya kwafa a nasa ƙamus, sai ya ɗauka bayanin majiyar shi ne fassarar, ya rubuta cewa *coeur* na nufin "wanda ba a sani ba", *méchant* kuma "mai aiko wasiƙa". Masana yau ba su karɓi ko asalin da Johnson ya kawo ba.

Shi kansa Johnson kundi ne guda. Waɗanda suka zauna da shi sun ruwaito yana ƙirga taku kafin ya shiga ƙofa, yana taɓa turakun bakin titi in yana tafiya, yana adana ɓawon lemo ya ƙi faɗin dalili, ga motsin jiki da ƙananan sautuka da ba ya iya hanawa. Likitocin baya sun yi zaton cutar da Gilles de la Tourette ya bayyana a 1885 ce.

Wannan ya kawo ni kan *tic* da *mannerism*. *Mannerism* sabo ne, kamar malamin da ba ya fara magana sai ya gyara hula. *Tic* fizgar jijiya ce da mai ita ba shi da iko a kai. Turawa suna aron ta su ce *verbal tic* ga wanda kowace jimlarsa sai ya ce "ka gane ko", amma asalinta na asibiti ne. Na fitar da ita daga gidajen uku na ba ta shafi nata, tare da gajeren bayani cewa larura ba hali ba ce. Haka na yi da yadda matasa ke cewa wane yana da OCD, larurar da ke tilasta wa mutum maimaita tunani ko aiki, don kawai yana son tsabta.

7 ga Mayu

Shafin gargaɗi. Akwai kalmomin da tsofaffin littattafan makaranta ke koyarwa da ma'anar da ta riga ta tashi.

*Queer* a littafin ƙarni na 19 "baƙo, abin mamaki" take nufi. Yau maganar jinsi da neman jinsi ce, ɗalibi ya kiyaye. *Kink* murɗewar igiya ce daga bakin matuƙan jirgin ruwa, ta taɓa nufin bauɗiyar tunani, yanzu kusan kullum sha'anin shimfiɗa ake nufi. *Cranky* a Amurka mai saurin fushi ne, kamar jaririn da bai yi barci ba.

*Weird* ta ƙi zama wuri ɗaya. A tsohon Turanci *wyrd* ƙaddara ce. Birnin Austin na Texas ya mayar da ita kirari, suna kira a bar garinsu da bauɗiyarsa. Amma a yaƙin neman zaɓen Amurka na 2024 Tim Walz, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, ya jefi abokan hamayya da ita, ta kuma yi zafi fiye da manyan zarge-zarge. Na sa ta a gida biyu.

Biyu na Ingila zalla da na ji daɗin rubutawa. *Anorak* rigar sanyi ce mai hula, sunan daga harshen mutanen Girinlan. Akwai masu tsayawa a tashar jirgin ƙasa cikin sanyi suna rubuta lambar kowane kan jirgi da ya wuce, ba don komai ba sai sha'awa, kuma irin rigar da suke sawa ke nan. Sai rigar ta zama sunan duk wanda ya haddace ƙananan bayanai a kan abin da bai dami kowa ba. *Jobsworth* kuwa an matse ta ne daga jimlar ma'aikacin da ke cewa in ya taimake ka aikinsa zai tafi. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa bin fayil a ofis ya san shi.

20 ga Mayu

Gidan raini ya fi sauran biyun cika nesa ba kusa ba: *oddball*, *weirdo*, *crackpot*, *nutter*, *freak*. Ban yi niyyar ba kowacce shafi ba, tebur ɗaya zai ɗauke su da alamar wadda ta fi zafi. Gidan tsakiya ne ya rame, daga *idiosyncrasy* da *mannerism* da *peculiarity* sai 'yan kaɗan.

*Maverick* ta koma gida biyu kamar *weird*, don a jaridun Ingila takan zo da ƙanshin "ba a iya dogara da shi". Jimlolin misali na gidan farko suna bukatar a sake su. Na rubuta su da sigar ofis, alhali kalmomin na hira ne tsakanin mutanen da suka saba.

Saura *whim*, da *crotchet* wadda ƙaramar ƙugiya ce a Faransanci kuma ta haifi *crotchety*, da *pet peeve*, da *hobby-horse*. Ta ƙarshen dokin wasan yara ce, sanda mai kan doki, daidai da dokin kara namu, kuma daga gare ta aka yanko *hobby*. A kan babba tana nufin zancen da ko me ake tattaunawa sai ya ja hira ta koma kansa. Zan gwada "ya hau dokin karansa" a kan masu karatu kafin in sa ta, in ji ko za su gane ba tare da bayani ba.